Tsutsar Kumatu

"Wannan ce?"

Muryar ta sauko min daga sama. Ni kuwa ina kwance rub-da-ciki a cikin laka, haɓata ta kusa taɓa ƙasa, yara sun kewaye ni, ga wata ƙatuwar tana a tafin hannuna sai murɗe-murɗe take yi.

Takalmi na fara gani, mai ruwan zinare, ko ɗigon datti babu a jikinsa. Na ɗaga kai a hankali... farin leshi, farin mayafi, sannan fuska. Ban taɓa ganin fuskar ba, amma na san idanun.

Idanun Likita ne sak!

Ashe mahaifiyar masoyina ce.

"Ita ce, Hajiya," in ji Sakatariyar makarantarmu daga bayanta, muryar nan kamar an shafa mata zuma. "Anti Laka ke nan. Haka yaran suke kiranta."

"Kaka! Kakata!"

Kafin in yi wani yunƙuri, Kumatu, wata 'yar ajina, ta kwasa da gudu, hannayenta biyu caɓe-caɓe da taɓo, ta rungume farin leshin nan ƙam.

Innalillahi...

Ni malama ce a makarantar rainon yara. Da zarar sanyi ya wuce, ruwan farko ya sauka, itatuwa suka fara toho, sai in kwashe 'yan ajina duk ranar Laraba mu fita lambun bayan makaranta. Kowane yaro yana zuwa da mai kula da shi, wani da uwa, wani da kaka, wani da 'yar aiki. Mu tsinci ganye kala-kala, mu shuka wake a kofin roba, mu bi layin tururuwa har gidansu, wani lokaci mu kwanta a ciyawa mu rufe ido mu saurari tsuntsaye. In an yi ruwa kuwa, ranar girkin laka ce, kuma ita suka fi so.

Dokokina biyu ne. Babba ba ya tsayawa a kan yaro, duk wanda ya shigo lambun sai ya durƙusa daidai tsayinsu. Sannan ba na gaya wa yaro abin da zai faru. In ya shuka wake ya ce, "Anti, me zai fito?" sai in ce, "Mu jira mu gani."

Dokar farko ce ta haɗa ni da Likita.

Mamin Kumatu, wato yayarsa, tana kwance a asibiti da tsohon ciki mai wahala, an hana ta ko saukowa daga gado. Baban yarinyar kuma yana aiki a wani gari. Shi ya sa Kumatu ta koma gidan kakarta, kawunta likitan ido ya zama mai rako ta. Ranar da ya fara zuwa, farin takalmi ya sako, ya tsaya can gefe yana latsa waya.

Na ce, "Malam, durƙusa."

Ya ce, "A ina?"

Na ce, "A ƙasa mana. Ko akwai wani wurin da ake durƙusawa?"

Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya zaro hankici ya shimfiɗa, ya ɗora gwiwa ɗaya a kai kamar mai tsoron ƙasar za ta cije shi. Yara suka yi ta ƙyalƙyala masa dariya. Larabar da ta biyo baya da takalmin roba ya zo. Wadda ta biyo bayanta kuma, muna leƙen dodon koɗi a gindin bango, ya ce min can ƙasa-ƙasa,

"Anti, ni fa aikina in sa mutane su gani da kyau... amma sai da na zo nan na san ban taɓa kallon komai ba."

Na ce, "Dodon koɗin kake nufi?"

Ya ce, "Har da shi."

Daga nan zuciyata ta tafi, ban kuma nemi ta dawo ba.

Mun shirya ƙarshen makon nan zai kai ni in gaida mahaifiyarsa. Na yi sabon ɗinki, na goge shi har ya kusa ƙonewa. Ashe Sakatariya ta riga ni. 'Yar aminiyar Hajiya ce, tun tana ƙarama ake tsokanarta da matar Likita, ita kuma ta ɗauki wasan da gaske. Ta jira sai da aka sheƙa ruwa, ta tabbatar lambu ya jiƙe sharkaf, sannan ta kira Hajiya ta ce ta zo da kanta ta ga abin da ake yi wa jikarta.

To ga Hajiya ta gani.

Na miƙe zaune. "Ina kwana, Hajiya..."

"Ajiye abin da ke hannunki tukuna."

Da ina da wayo, da na yi wurgi da tanar nan. Amma hannuna ya saba. Na tona ɗan rami da yatsa, na kwantar da ita, na rufe ta da ƙasa mai laushi don kada rana ta ƙona ta.

Hajiya ta riƙe haɓa. "Har da gyara mata shimfiɗa! Ke, 'yan gidanku sun san wannan sana'ar kike yi?"

Sakatariya ta sunkuyar da kai, amma na ga kafaɗarta tana rawa.

"Wuce mu tafi," Hajiya ta ce wa Kumatu.

"Sai da Gimbiyata!"

Gimbiya tsutsa ce, koriya mai ƙiba, da muka samo a ganyen lemon lambu. Kowane yaro yana da tasa a kwalba, da ɗan tsinke a ciki, an rufe bakin da raga. Kumatu ta zube a ƙasa ta yi ta birgima tana ihu, har Hajiya ta gaji ta ce a saka ƙazantar a bayan mota.

Suka tafi. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Da yamma ya kira ni.

"Rabin raina... kin ci abinci?"

"Faɗa min kawai, Likita."

Ya ja numfashi. "Umma ta cire Kumatu daga makarantar. Ta ce ba za ta haɗa jini da mai wasa da tsutsa ba."

Hawaye suka zubo min, na danne bakina da hannu.

"Amma na roƙe ta," ya ce da sauri. "Ta ce in kin bar aikin lambun, kin koma cikin aji kamar sauran malamai, za ta sake dubawa. Na ɗan lokaci ne kawai, masoyiya. Ki taimake ni..."

"In na bar lambun, wa za ka aura?"

"Ke mana."

"A'a. Wata za ka aura mai kama da ni. Ni a durƙushe ka same ni, Likita."

"To sai mu yi aurenmu, daga baya ta huce!"

"Wannan kuma ba da ni ba. Ba zan shiga tsakaninka da wadda ta haife ka ba, ko da son ka zai kashe ni."

Can ya ce, "Kin san ina son ki, ko?"

"Na sani. Shi ya sa abin yake min ciwo."

Mamata tana bakin ƙofa ashe, ta ji komai. Ta shigo ta zauna a gefen gadona tana huci.

"Ƙazama? 'Yar tawa? Yarinyar da take wanke hannu har fatarta ta yi fari? To wallahi ko sun dawo da rarrafe, ba za ki shiga gidan da ake ƙyanƙyaminki ba!"

"Mama, ina son sa..."

"Na ji. So ɗin ya zauna a nan tare da mu, akwai wuri."

Haka kwanaki suka yi ta wucewa. Na daina ɗaukar wayarsa, don in na ji muryarsa ba na iya riƙe kaina. Ranar Laraba na fita da yara kamar kullum, na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Waken Kumatu ya tsiro a kofinta, ya fi na kowa tsayi, ni nake ba shi ruwa. Sakatariya kuwa kullum sai ta leƙo ajina.

"Sannu, Anti. Kin ɗan faɗa fa. Ko lakar ce ba ta karɓe ki ba bana?"

Sai in ce mata, "Na gode da kulawa."

Ranar Asabar da safe na je ba wa shuke-shuken yara ruwa. Makaranta babu kowa, sai wata mota a gindin bango da ban kula da ita ba. Na zagaya baya riƙe da bokiti, sai na tsaya cak.

Takalmi mai ruwan zinare, an jera shi tsaf a kan dutse.

Gaba kaɗan kuma, a gindin bishiyar lemo, wata mata ce durƙushe, ta ci ɗamara da mayafinta, gwiwoyinta sun nutse a cikin laka. Cokali ne a hannunta, tana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya tana leƙawa, tana yamutsa fuska.

"Fito mana, 'yar nema... fito don Allah..."

Bokitin ya suɓuce daga hannuna.

Ta juyo a firgice. Muka haɗa ido.

"In kika yi min dariya," ta ce, "Allah ya isa."

Amma idanunta sun yi jawur. Ban san lokacin da na ƙarasa na durƙusa kusa da ita ba.

"Hajiya, lafiya? Mamin Kumatu ce?"

"Tsutsar ce." Muryarta ta karye. "Ta mutu."

Na buɗe baki, ta ɗaga min hannu.

"Ba ki san yarinyar nan ba. Kullum ta tashi, kafin ta gaishe ni sai ta gaida kwalbar nan. Ita take sa kawunta ya nemo mata ganyen lemo. Ta ce sai Gimbiya ta girma za ta kai wa Maminta asibiti, su dawo gida tare. Jiya har cewa ta yi, 'Kaka, in Gimbiya ta ci abinci da yawa, Mami ma za ta warke, ko?' Ni kuma na ce eh, don ta bar ni in huta." Ta share ido da bayan hannu, laka ta shafu a kumatunta. "'Yata tana can kwance, ni kaina ba na runtsawa. Yanzu yarinyar nan ta dawo ta tarar da abin nan a mace, me za ta saka a ranta?"

"Ina Kumatun take?"

"Kawunta ya kai ta duba uwarta. Na ce kafin su dawo in samo wata in saka mata. Ai duk tsutsa tsutsa ce." Ta dubi cokalin. "Tun ɗazu nake nema. Ni da ko kyankyaso na gani sai na hau kujera."

Matar da ta kira ni mai wasa da tsutsa, ga ta cikin taɓo har gwiwa saboda jikarta. A take duk haushin da nake ji ya zube.

"Hajiya, yaya kika same ta?"

"Ta bushe. Ta ƙanƙance ta manne a jikin tsinken, ta koma ruwan ƙasa, ba kai ba ƙafa. Na taɓa kwalbar, ko motsi."

Zuciyata ta buga.

"Ina tsinken?"

"Na zare na jefa a shara."

"Yaushe masu kwashe shara suke zuwa layinku?"

"Ranar Asabar da..." Ta tsaya. "Me ya faru?"

"Ba ta mutu ba, Hajiya! Tashi mu tafi!"

Ashe Hajiya ta iya gudu. Takalmin ma a hannu ta kwaso shi, ta tuƙa mota da ƙafa duk laka, tana danna ham ga duk wanda ya gifta.

"To in ba ta mutu ba, me take yi?"

"In gaya miki, ko ki jira ki gani? Yarana dai ba na gaya musu."

"Ke! Ni 'yar ajinki ce?"

"Yi haƙuri, Hajiya. Abin da zai faru shi ne..."

"Tsaya." Ta rage gudun motar. "Kumatu ta sani?"

"Ba ta sani ba. An cire ta kafin mu kai nan."

Ta ji wannan maganar, na ga ta haɗiye yawu. "To bar shi. Ni ma na jira tare da ita. Kin dai tabbata za ta tashi?"

"Ban tabbata ba. In ba ta ji rauni a cikin sharar ba, ina sa rai."

Muna shiga layin muka hango motar shara a gidan farko. Hajiya ta taka burki a ƙofar gidanta, ta fito, ta kama kwandon sharar da hannu biyu ta kifar da shi a ƙasa. Muka durƙusa mu biyu muna tonawa. Ɓawon ƙwai, ɓawon lemo, ledoji, busasshiyar fulawa. Maƙwabta suka fara leƙowa ta taga.

"A hankali, Hajiya, kar ki matse komai."

"Na ji. Ke duba can ɓangaren."

Muna cikin haka wata mota ta tsaya a bayanmu. Na ji an buɗe ƙofa, na waiwaya.

Likita ne, riƙe da hannun Kumatu.

Ya dubi mahaifiyarsa, ya dube ni. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake dubawa.

"Umma...?"

"Ga ta!" Hajiya ta ɗago wani tsinke sama kamar ta tsinci zinare. "Anti, ita ce? Duba min!"

Na karɓa da hannu biyu. Ɓawon yana nan manne, zaren da ya ɗaure shi bai tsinke ba, babu inda ya lotsa.

"Ita ce."

"Alhamdulillahi! Kai kuma rufe bakinka ka shiga ka ɗauko kwalba."

Kumatu ta matso, ta ƙura wa tsinken ido. Leɓenta ya fara rawa.

"Kaka... Gimbiya ta mutu?"

Na buɗe baki zan amsa, amma Hajiya ta riga ni. Tana durƙushe daidai tsayin yarinyar, ta kama 'yan hannayenta.

"Ba ta mutu ba, uwar ɗakina. Ta shiga ɗaki ne ta rufe ƙofa."

"Me za ta yi a ciki?"

Hajiya ta saci kallona. "Mu jira mu gani."

Na juya baya don kada su ga hawayena, sai na yi karo da idanun Likita. Ya rame, wuyansa har ya yi tsawo.

"Kin daina ɗaukar wayata," ya ce a hankali.

"Umma tana kallonmu."

"Ta kalla. Kin ga har ta fi ki laka yau."

Ranar Hajiya ta ba ni ruwa da sabulu na wanke hannu, ta sa aka mayar da ni gida, ta ce ta gode. Maganar aure kuwa ko da wasa ba ta ɗauko ba. Na ba Mama labari, ta taɓe baki.

"Godiya daban, suruka daban. Kar ki sa rai."

Na ce ban sa ba. Ƙarya nake yi.

Washegari da sassafe wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

"Anti Laka? Ni ce. Har yanzu shiru fa."

"Haka ne, Hajiya, sai an yi haƙuri. Kar dai a sa kwalbar a rana."

Kashegari ma ta kira. Da farko maganar tsutsa ce kawai, ta kashe. Sannu a hankali sai hira ta fara tsawo. Ta tambaye ni me ya sa nake sa manya su durƙusa. Na ce don in kana tsaye kan yaro kawai kake gani, in ka sauko sai ka ga abin da yake kallo. Ta ce hmm. Wata rana ta ba ni labarin yadda ta sa aka malale tsakar gidanta da tayil gaba ɗaya, tun Likita yana rarrafe, saboda ya taɓa cin ƙasa ya yi gudawa har ta ɗauka zai mutu.

"Tun daga ranar na tsani ƙasa," ta ce. "Tsoro ne, yarinya. Ba mugunta ba ce."

"Na sani, Hajiya."

Ranar Laraba sai ga Kumatu ta dawo makaranta da gudu, ta faɗa jikina. Amma ba Likita ne ya rako ta ba, 'yar aiki ce. Na kasa gane inda aka dosa. Kullum na ga lambar Hajiya sai gabana ya faɗi. Tsorona kada abin da ke cikin ɓawon nan ya ƙi fitowa, in zama maƙaryaciya a idon Kumatu, in kuma rasa ɗan abin da ya rage tsakanina da gidan.

Sai wata safiya ta kira tana haki.

"Taho! Ɓawon ya yi baƙi, kuma ya motsa! Taho yanzu!"

Mama ta bi ni da mayafi har ƙofar gida. "Ki dai sa takalmi iri ɗaya!"

Na same su a baranda. An ɗora tsinken a cikin kofi a kan tayil, Kumatu tana kwance rub-da-ciki, Hajiya durƙushe a gefenta, Likita a ɗaya gefen ya saita waya, fuskar Mamin Kumatu a ciki daga gadon asibiti.

"Matsa mata," Hajiya ta ce wa ɗanta.

Ya matsa, amma kaɗan. Na durƙusa, kafaɗata tana kusa da tasa.

Ɓawon ya tsage daga sama. Wani abu ya turo kai, ya ja jiki, ya sake ja, ya fito a jiƙe, fukafukansa a cukurkuɗe kamar tsumma.

"Wayyo, ta nakasa!" Hajiya ta dafe ƙirji. "Ni na ja mata, sharar nan ce..."

"A'a, Hajiya. Jira."

A gaban idonmu fukafukan suka fara miƙewa, suna buɗewa kaɗan-kaɗan, baƙaƙe masu ɗigon ruwan ɗorawa, da wani ɗan ja a can ƙasa.

"Malam-buɗe-littafi!" Kumatu ta ƙwalla ƙara. "Mami, kin gani? Gimbiya ta zama malam-buɗe-littafi! Ta fito daga ɗaki! Ke ma za ki fito!"

"Zan fito, 'yar albarka," Maminta ta ce tana kuka tana dariya. "In sha Allahu zan fito."

Hajiya ta ƙura wa Gimbiya ido. Hawaye ne kawai suke bin fuskarta. Sai na ji hannunta a kan nawa, ta riƙe gam.

A daidai lokacin aka turo ƙofar gida. Aminiyar Hajiya ce, da 'yarta Sakatariya a baya, sun sha ado sun zo gaisuwa. Suka tsaya suna kallonmu, manya uku a ƙasa kamar masu neman allura.

Aminiyar ta nuna ni da baki.

"Wannan ce?"

Na sunkuyar da kai.

"Ita ce," Hajiya ta ce, ba ta saki hannuna ba. "Surukata ke nan. In za ku ƙaraso ku durƙusa, a nan ba a tsayawa a kan mutane."

Wayar ta kusa faɗuwa daga hannun Likita.

"Umma... me kika ce?"

"Kai ba likitan kunne ba ne, amma ai ka ji." Ta juya ga Sakatariya, wadda fuskarta ta yi fari fat. "Ke kuma 'yata, na gode miki. Da ba ki kira ni ranar nan ba, da a cikin sabon ɗinki zan fara ganinta, in yi ta yaba ɗinki ban san mutum ba. Allah Ya ba ki naki mijin nagari."

Sakatariya ta ce amin da wata murya da ko ita ba ta ji ba. Ni kuwa har cikin raina na taya ta da amin ɗin.

"Hajiya..." na fara, kuka ya ci ƙarfina.

"Wace Hajiya? Umma za ki ce. Kuma lambun nan kar ki kuskura ki bar shi. Ki ce wa mamarki ina nan tafe da kaina in ba ta haƙuri, na ji an ce ta fi ni zafi."

Likita ya sunkuyo kusa da kunnena.

"'Yar lakata... yanzu za ki ɗauki wayata?"

"Mu jira mu gani."

Gimbiya ta buɗe fukafukai, ta rufe, ta sake buɗewa. Kumatu ta miƙa yatsa, ta hau, ta ɗan tsaya kamar mai sallama. Sannan ta tashi. Ta zagaya tsakar gidan nan mai tayil, ta nemi ganye ko ɗaya ba ta samu ba, ta haye katanga ta tafi.

Hajiya ta bi ta da kallo har ta ɓace.

"Ba ta sami wurin sauka ba," ta ce a hankali.

Mamin Kumatu ta sauka lafiya, ta rungumo ɗa namiji. Mama ta huce, bayan ta sa Umma ta maimaita haƙurin har sai da ta gamsu. Aka ɗaura mana aure kafin waken yara ya yi 'ya'ya.

Ranar da na tare, Umma ta ja ni tsakar gida, ta ce in rufe ido. Da na buɗe, sai na ga an fasa tayil a tsakiyar gidan, an zuba baƙar ƙasa, an dasa 'yar bishiyar lemo da ba ta kai gwiwata ba.

"Saboda in ta dawo," ta ce.

Ban san lokacin da na durƙusa ba, da kayan amarcina da komai. Na ji Umma ta sauko kusa da ni, gwiwoyinta suna ƙara, ta kama hannuna ta ɗora a kan ƙasar.

Da sauran danshi. Ita ta ba ta ruwa da kanta.